Baƙuwar Ikoyi

Kakana Jatau gadina ne,
shekara talatin da huɗu a gida mai lamba tara, Ikoyi.
Ya san mangwaro, ya san gwanda,
ya san kwakwa da halinta na jifa,
amma akwai wata bishiya bayan tankin ruwa
da harshensa bai taɓa ɗaukar sunanta ba.
Sai ya ce mata Baƙuwa.

Wani likita ne ya zo da ita,
Bature mai yawan tari, ana ce masa Mai Lofe.
Rassa uku naɗe a jiƙaƙƙen bargo,
mako biyu a cikin jirgin ruwa.
Biyu sun mutu tun kafin a hango Apapa.
Ta ukun ta yi gardama.

Ganyenta nake tunawa:
kaushi kamar harshen kyanwa,
baki kamar zarto,
gindin a karkace, ɓari ɗaya ya ɗara ɗaya
kamar kafaɗar tsohon ɗan garuwa.

Ba ta yi tsawo ba. Ikko ba ta bar ta ba.
Duk ƙarshen shekara sai ta tsaya cak
tana jiran wani sanyi da aka yi mata alkawari,
ba ya zuwa, sai gumi da gishirin teku.
Ta zubar da rabin ganye, ta riƙe rabi,
kamar wadda ta ɗaure kaya ba kuɗin mota.
Kaka ya ce, "Ƙyale ta.
Ni ma haka na yi shekarata ta fari a garin nan."

Ba ta 'ya'ya.
Irinta ba a binne shi a ƙasa,
sai dai a yanki reshe a ɗaura a jikin wata,
hannu ya miƙa wa hannu.
Ran da hannu ya gaji, zuri'a ta ƙare.
Sau bakwai Kaka ya gwada, da reza da zaren buhu,
a jikin goba, a jikin lemo, har a jikin zogale.
Duk suka ce ba su san ta ba.

Bayan Mai Lofe ya koma gida
wasiƙa ɗaya ta zo, akawun coci ya karanta masa:
wai wani ƙwaro ya shiga ƙarƙashin ɓawon danginta,
layi layi suna bushewa a tsaye,
wai ya kula da wannan, ƙila ita ce saura.
Kaka ya ninke takardar ya sa a hula.
Daga ranar ya daina jingina kekensa a jikinta.

Shi ya riga ta tafiya, da damina biyu.
Aka sayar da gidan.
Katafila ba ta karatu;
kafin azahar an gama.
Yau bene ne na gilashi, hawa goma sha ɗaya,
mai gadin ma bai yarda na leƙa ba.

Abin da na gada: ɗan allon kwano da ke wuyanta,
haruffa huɗu a farko, sauran tsatsa ta cinye.
Na kai wa wata malamar tsirrai a Akoka,
ta juya shi, ta sa tabarau, ta cire.
Ta ce, "Dangin na sani, Ulmus ne.
Amma wace ce a cikinsu,
wanda ya raɗa mata suna kaɗai zai faɗa."

Kututturen yana Obalande, ƙarƙashin gada.
Barmo mahauci ne ya saye shi, sule kaɗan a kan kuɗin itace.
Shekara ashirin yana sara a kai,
ya ce bai taɓa ganin ice mai taurin kai irinsa ba,
gatari ya shiga, ya fita, ba ya tsagewa.

Nakan je da dare in sayi tsire na ɗari biyar.
In ya juya baya yana barbaɗa yaji
sai in ɗora tafina a kan saran wuƙa,
in ce, Baƙuwa, ni ce jikar Jatau,
har yanzu sanyin bai zo ba.